Gaɓa Biyu Daga Sarƙar Agogona

Shekarar da aka turo ni koyarwa a Jiwa, kawuna direban mota ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura mini. Shi ƙaton mutum ne, ni kuwa siriri kamar sillen kara. Agogon mai sarƙar ƙarfe ne, kuma duk sanda na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo sai ya zame ya gangaro kusan gwiwar hannuna. Na naɗa tsumma a ƙarƙashinsa, gumi ya jiƙa tsumman ya fara tsami.

A lokacin babu maganar birni a wajen. Gonakin doya ne da duwatsu, da gajimare da ke sauka kansu da damina kamar zai kwana a can. Mai gyaran agogo sai garin Abuja na da, wanda yanzu ake kira Suleja. Sai aka nuna mini wani tsohon maƙeri, ɗan Gbagyi, a bayan kasuwa.

Na same shi da hantsi yana gyaran fartanya. Ya karɓi agogon ya kara a kunne, ya lumshe ido, ya daɗe a haka har na zaci ya manta da ni.

"Malam, agogon nan ta yi maka yawa," ya ce da irin Hausarsa.

"Baba, za ka iya rage shi?"

Ya wasa wata siririyar waya a dutse, ya kwantar da sarƙar kan kututture, ya riƙa bugun ƙananan ƙusoshin da ke riƙe da gaɓoɓinta a hankali. Hannun da ke lanƙwasa ƙarfen garma ne, amma ko ƙwarzane bai bari ba. Na matsa masa ya cire gaɓa uku, don ina so ya kama ni tsam. Ya dube ni, ya cire.

Da safe agogon ya zauna daidai. Da rana ta take sai hannuna ya kumbura, sarƙar ta nutse cikin fata tana tsinke mini gashi, yatsuna suka fara tsami. Bayan kwana biyu na koma.

"Na san za ka dawo," ya ce, ya zazzage gaɓoɓin daga ƙoƙon tabarsa. "Hannun mutum na safe daban, na rana daban."

Ya mayar da gaɓa ɗaya. Ya tura agogon sama kaɗan, bayan ƙashin tsintsiyar hannu, sannan ya zura ƙaramin yatsansa ƙarƙashin sarƙar. Ya shiga da ƙyar.

"Haka. Ka bar mata wurin numfashi."

Yayyafi ya fara, muka zauna a rumfar muna kallon shanun Fulani suna ratsa fadama cikin hazo, farare, ba ka jin sawunsu. Ƙamshin gawayi da na jiƙaƙƙiyar ƙasa suka cika wurin. Ban san tsawon zaman da muka yi ba, don ban duba ba. Na manta ma akwai wani abu a hannuna.

Da zan tafi ya roƙe ni gaɓa biyun da suka rage, na bar masa. Ran kasuwa na hangi matarsa tsohuwa tafe da ɗaurin itace a kafaɗa, wani abu yana ƙyalli a kunnuwanta. Da ta matso na gane gaɓoɓin nan biyu ne. Ta gaishe ni, ta ɗan karkata kai don in gani sosai, ta wuce tana murmushi.