Ranar da ba a ambaci kwarinmu a majalisa ba

Wasu shekaru can baya, kwarin da ke bayan gidanmu a Tumfure ya yi ta cin ƙasa har ya kusa katangar ɗakin mahaifiyata. Ɗan majalisarmu ya ce an saka aikin a kasafin kuɗi. Mutanen unguwa suka yarda, ni na kasa. Ni ne mutumin da in ya kulle shago sai ya dawo ya sake taɓa kwaɗon. Ranar muhawara na ajiye ɗinkin mutane, na hau keke napep zuwa majalisa.

Wani abokina direba ne a can, shi ya kai ni wurin zaman 'yan kallo. Ya ce, "Tela, nan ba a tafi, ba a magana. Ko tari ne ka haɗiye."

Turancina na firamare ne, amma sunan Tumfure ba ya buƙatar tafinta. Na kasa kunne. Wannan ya yi magana kan makarantu, wancan kan asibitoci. Da namu ya miƙe na gyara zama. Ya yi ta zuba kan noma, ya zauna, ko kwari bai ce ba. Kakakin majalisa ya tambayi ra'ayinsu, suka amsa da murya ɗaya, ya buga guduma, aka miƙa kasafin ga kwamiti.

Da muka fito na ce wa abokina, "Shi ke nan, an yar da mu. Me zan gaya wa Inna?"

Ya yi dariya har da jingina da mota. "Allah ya yaye maka! Karatu na biyu ne fa. Yau manufar kasafin kawai ake tattaunawa, ba a shiga ayyuka ɗaya-ɗaya. Da ya ce kwari, da Kakaki ya zaunar da shi. A kwamiti ake bi dalla-dalla."

"In kwamitin ya manta fa?"

"Sai ka je ka tuna musu, tunda damuwa ce sana'arka."

Na kuwa je, ranar jin ra'ayin jama'a. Jawabin da na haddace a gida duk ya gudu. Abin da ya fito daga bakina kawai shi ne ɗakin tsohuwata a Tumfure ya kusa ruftawa cikin kwari. Shugaban kwamitin ya ce da Hausa, "Aikin yana cikin kasafi, bawan Allah. Zauna ka numfasa."

Duk da haka ban saki jiki ba sai da aka yi karatu na uku, gwamna ya sa hannu. Kafin damina tifofi suka fara juye duwatsu a bakin kwarin.

Har yau ban daina fargaba ba, amma na koyi tambayar wane mataki aka kai kafin in ce an cuce mu. Daren ruwan farko na fita da tocila zan duba katanga, Inna ta ɗaga murya daga ciki: "Koma ka kwanta. Ni barci nake ji."