Ranar Dubiyar Mma Barikisu

A unguwarmu Maamobi, in ka kwanta ciwo Mma Barikisu ba ta zo gaishe ka ba, to lafiyarka ƙalau, son jiki ne kawai. Tsakar gida ɗaya muke da ita tun ina amarya, kuma ban taɓa ganin matar da ta ɗauki dubiya sana'a kamarta ba. Da safe ta sayar da kokonta a bakin titi. Rana na ɗagawa sai ta cika fulas da ragowar, ta yafa gyale, ta shige lungu. Mai jego, wanda ya karye, tsohon da haƙori ya hana tauna, duk nata ne. Har unguwar Abossey Okai takan hau trotro, motar haya, don gaida yaron makanike da ƙarfe ya faɗo wa a yatsa. Kuma ba daga bakin ƙofa take gaisuwa ba. Sai ta zauna bakin gado, ta taɓa goshi, ta kurɓi kokon don a ga bai yi zafi ba, sannan ta miƙa.

Ba ta ɓoye dalilinta. Lada tana so, amma akwai na biyu. Ba ta haihu ba, mijinta ya rasu, danginta suna can arewa. Takan ce mini, "Nasira, ranar da na kwanta, ɗakin nan sai ya rasa wurin ajiye takalmi." Abin haushin, ko ciwon kai ba ta yi.

Sai wani tari ya shigo unguwa, mai zazzaɓi da toshe ƙirji. Ma'aikatan lafiya suka gwada, suka ce ba murar da aka saba ba ce, ba kuma korona ba. Suna neman ƙwayar cutar da kuma hanyar da take bi. Cikinsu akwai Hidaya, nas 'yar unguwarmu, wadda ke bi gida-gida tana tambaya wa ya shigo kafin tarin ya fara. A gidan mai jego aka ce Mma Barikisu. A gidan mai karaya, Mma Barikisu. Da ta isa gida na gaba, ta tarar da ita zaune tana hura koko.

"Mma, zan ɗan sa miki tsinken auduga a hanci," in ji Hidaya.

"Ni? 'Yata, ranar da kika yi ƙyanda wa ya goya ki? Dube ni da kyau, na yi kama da mara lafiya?"

Da ƙyar ta yarda, tana zagin tsinken har kakansa. Sakamako ya fito: ƙwayar da ake nema tana zaune daram a hancinta, wai nata samfurin ne ma ya fi fitowa sarai har aka gane irinta. Ta kwaso a wajen wani ɗan kasuwa da ya dawo daga tafiya, ta raba wa unguwa da hannunta, ita ko atishawa babu.

Aka killace ta a ɗaki, aka kuma sanar a masallaci cewa an hana dubiya. Na tausaya mata ƙwarai. Ina ajiye mata abinci a bakin ƙofa ina jin kukanta. Ta ce, "Nasira, yau ga ni a kwance, ko takalmi ɗaya babu."

Raina ya ɓaci, na je na sami Hidaya na sauke mata. Sai ta ce ɗaki ne aka hana shiga, lungu na kowa ne. Na baza maganar a unguwa.

Ranar Juma'a bayan an sauko, waɗanda suka warke suka jeru a lungun bayan tagar Mma Barikisu, wanda mutum biyu ba sa iya giftawa. Kowa da takunkumi a fuska, ya ce sannu daga nesa ya wuce. Na damu, don ba za ta gane wanda ya zo ba. Ashe duk suna da sauran guntun tari a ƙirjinsu.

Daga bayan labule muka ji muryarta. "Basit ke nan. Wannan Abdul-Fatawu mai karaya. Allah ya yi muku albarka." Haka ta bi su tana gane kowa da tarinsa har layin ya ƙare.

Sai ta kira ni a hankali ta ce, "Zuberu tela bai zo ba. Ki tambayo mini ko lafiya."