Mintin Inna a Ranar Tambaya

Jiya a wajen suna wata maƙwabciya ta miƙo mini minti. Ina sa shi a baki sanyinsa ya hau hancina, sai gabana ya faɗi kamar ranar nan.

Zamanin juyin juya hali ne, 'yan kwamitin unguwa suka yi sallama da hantsi suna neman mijina, wanda direba ne. An ce ya ɗauki wani malamin makaranta da ake nema, ya tsallakar da shi Najeriya a motarsa. Kuma gaskiya ne, na sani. Ni kuwa duk unguwarmu ta Zongo an san bakina ba ya riƙe magana.

Inna, uwar mijina, ba ta rabuwa da minti a bakin zane saboda tari. Ta kwance ɗaya ta tura mini a baki. "Kada ki tauna, 'yar nan. Kowace tambaya, juya shi sau uku kafin ki amsa."

Babbansu ya kira ni yadda 'yan juyin ke kiran kowa, ya ce, "Kamarad, ina mijinki?"

Na juya mintin. Harshena ya yi sanyi, idona ya kawo ruwa. "Ya fita lodi."

"Da wa?"

Sunan mutumin ya zo har bakin haƙorana. Mintin ya zama siriri, gefensa na yankar harshena. In ya narke fa?

"Ban leƙa ba."

Inna ta ce wa babban nasu, "Ɗana, juna biyu gare ta, dubi yawu ya cika mata baki. Sai ta yi maka amai a takalmi?" Ya ja baya, suka fita.

Allah ya jiƙan Inna, ya sauƙaƙa mata tambayar kabari yadda ta tsaya mini a tawa.