Baffa da Kududdufin Bayan Gida

Baffana, ƙanin mahaifinmu, a Legas ya yi aikin gwamnati tun yana saurayi, a wata hukuma mai kula da gaɓar teku, har ya kai darakta. Aikinsu hana teku cin ƙasa. Su jibge duwatsu, su zuba yashi, ruwa ya kwashe, su sake zubawa. Shi kansa bai iya iyo ba, ko kifi ba ya ci.

Da ya yi ritaya sai ya dawo gidanmu na unguwar Kwarbai. Lokacin ina koyarwa, ban yi aure ba, ina gida. Mun zaci hutawa zai yi. To akwai kududdufi a bayan gidan, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar gini, da damina ya cika agwagi su yi ta wanka. Baffa ya je ya tsaya a bakinsa, ya daɗe, ya dawo ya shaida mana cewa gaɓar tana cikin hatsari.

Ya kafa gora a tsakiyar ruwan, safe da yamma yana zuwa duba ko ya hau. Ya tara maƙwabta bayan la'asar ya yi musu bayani, rabi da Turanci, kan ƙanƙarar da ke narkewa a ƙarshen duniya. Ya raba musu riguna masu launin ruwan lemo da ya taho da su, irin masu hana nitsewa. Liman ya karɓa don kunya, ya ɗora kan babbar riga, ya zauna yana gumi. Babu wanda ya yi musu, mutum ne mai kirki, kuma duk unguwar ana alfahari da shi.

Kafin damina ya sa aka kewaye kududdufin da buhunan yashi, jere bisa jere, har ƙugu. Ya shuka ciyawar jema a gefe don ta riƙe ƙasa, awaki suka cinye.

Ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, da hantsi, ruwan lunguna ya gangaro kamar kullum, ya tarar da katangar buhuna. Bai sami hanyar shiga kududdufin ba, sai ya juyo ya shigo zaurenmu, ya wuce tsakar gida. Ina kallo takalmana da kwanukan girki suka bi ta ƙofa. Baffa ya naɗe wando ya fita, ya dawo jiƙe sharkaf, fuskarsa cike da murna.

"Yaya, ko buhu ɗaya bai motsa ba," ya ce da mahaifina. "A Legas ban taɓa samun haka ba."

Mahaifina yana tsaye kan turmi, rungume da littattafansa. Ya ce Allah ya ƙara basira, amma a buɗe wa ruwan ƙofa. Baffa da kansa ya zaɓi buhunan da za a cire, ya tsaya ya ga an ɗaga su a hankali. Kafin azahar gidan ya tsane.

Bayan kwana biyu dattawan Ƙofar Galadima suka zo gaishe shi, suka ce su ma suna da kududdufi. Ya sa hularsa ya bi su.