Ya'u Mai Batir da Yashin Gulbi

Duk Sabon Garin Maraɗi ba wanda bai san Ya'u Mai Batir ba. Tun yana saurayi yake fasa tsofaffin batura a tsakar gidanshi, ya narkar da dalma ya sayar. Hayaƙin gidan nan, wallahi ko ungulu ta gitta sai ta yi tari. In aka ce mishi dalma guba ce, sai ya bugi ƙirji ya ce shi da ita ya yi ƙiba, alhali in iska ta taso sai an riƙe shi.

Sai ga labari wai masu awon ƙasa za su shigo unguwa. Duk gidan da dalmar ƙasarshi ta wuce iyakar da aka yanka saboda yara, za a rushe murhun narkar da dalma na gidan. Ya'u kuwa in ba murhun nan ba, ko ɗaurin akuya bai iya ba.

Sai ya yi abin da ake yi wa manyan baƙi. Ya sa aka kankare baƙar ƙasar tsakar gida, aka shimfiɗa farin yashin gulbi, aka yayyafa ruwa kamar ranar suna. Tsohuwar ƙasar kuma, tunda mutumin Maraɗi ba ya zubar da taki, ya loda ta a amalanke ya aika wa surukinshi Idirisa a Tsibiri, a zuba a gonar hatsi. Har tsohon ya aiko da zabo na godiya.

Madam Balkisu mai awo ta zo da na'ura kamar bindiga, ta ɗora kan yashi. Tas!

Ya'u ya ce, "Kin gani, Madam? Gidana ko fura ta zube, lashewa ake."

"Ikon Allah. Gidan batir ya fi masallaci tsabta? To ina ƙasar da ke nan da?"

Ya'u ya kama tari. Sai matarshi Saudatu ta leƙo, baki har kunne: "Ai Malam ya kai wa Baba gona. Duk cikin surukai ba mai kula da shi kamar Malam."

Madam ta tambayi hanyar Tsibiri.

A gonar, na'urar nan ta yi ta kuka kamar an taka kyanwa. Aka hana Idirisa shuka a wurin, aka dawo aka rushe murhun Ya'u.

Yanzu yana zaune bakin titi yana gaya wa duk mai wucewa cewa tsakar gidanshi ce ta fi ta kowa tsabta a awon. Bai yi ƙarya ba. Tsibiri dai ba ya zuwa, ko gaisuwar mutuwa.