Dabo da Ciyawar Gilashi

A ƙauyukan da ke shan ruwan dam ɗin Watari, in aka tayar da maganar iri, sunan Dabo ne ke fara zuwa baki. Ba wani babban manomi ba ne. Fadamarsa fangali goma sha biyu ce kacal, a bakin magudanar ruwa, kuma a nan yake renon dashen tumatir da tattasai da albasa, manoma su zo su saya. Bai taɓa sayen iri a kasuwa ba. Da kansa yake zaɓar 'ya'yan da suka fi ƙosawa, ya matse, ya shanya a inuwa, ya cuɗa da toka ya ɗura a gora. Irin albasarsa kuwa gadon mahaifinsa ne, jar albasa mai kai watanni a rumbu ba ta ruɓe ba. Kowace shekara yakan ware fangali uku ya bar ta ta yi fure, don kada irin ya yanke.

Sai aka shiga shekarun wuya. Tsutsa ta faɗa wa tumatir ta cinye gonaki ƙurmus, hatsi ya yi tsadar da ba a saba gani ba. Masu shagunan magani suka yi ta cewa irin gida ne ba ya jure cuta, manoma suka koma irin gwangwani. Dashen Dabo ya riƙa tsufa a fangali babu mai taya shi. Matarsa Hure ta koma ɗora tukunya sau ɗaya a yini.

Cikin wannan hali wani mutum mai suna Khalilu ya zo daga Bacirawa. Sana'arsa haɗa akwatunan gilashi na kifin ado, irin waɗanda masu hali ke ajiyewa a falo. Ya ce masu sayensa sun gaji da ganyen roba, tsiro mai rai suke so a cikin ruwan. Dabo ya yi dariya da jin wai akwai masu ciyar da kifin da ba za su ci ba, amma ya karɓi aikin. Ya shiga bakin dam ya tsinko 'ya'yan bado, ya shuka su a ƙananan kasake cike da laka, ya haɗa da 'yan ƙananan kainuwa. Suka kama, suka rayu a gilashi. Wata huɗu gidan Dabo yana cin abinci da wannan.

Ran nan Khalilu ya iso da wasu 'yan ƙunshin leda masu sheƙi. A jiki an zana hoton ƙasan akwatin kifi ya lulluɓe da ciyawa shar kamar darduma. Ya ce ta waya ya yi odarsu daga ƙasar waje, kuma wani otal da wani Alhaji sun riga sun ce suna so.

Dabo ya zuba kaɗan daga 'ya'yan irin da ke ciki a tafin hannunsa, ya tofa musu yawu, ya jira. Nan da nan suka kumbura suka yi yauƙi.

Ya ce, “Malam Khalilu, wannan ɗan tudu ne. Haka irin ɗoɗɗoya yake yi in ya ji ruwa. Zai tsiro, ba shakka, amma in ka nutsar da shi mutuwa zai yi.”

Khalilu ya ce, “Haba Baba, ka dubi hoton mana. Mutanen nan a ɗakin bincike suke haɗa abinsu. Kai dai ka rena min faranti arba'in. In ba za ka iya ba, akwai wani a Kano da ke jira.”

Dabo ya daɗe yana kallon tafin hannunsa. Ya san abin da ya gani. Amma ya san kuma abin da ya rage a buhun Hure, kuma ya san in Khalilu ya juya ba zai dawo ba. Ya ce, “To, Allah ya sa ni ne na yi kuskure.”

Faranti arba'in na buƙatar wuri kusa da ruwa, wurin kuwa shi ne inda albasar iri take, ta fara fitar da kara. Hure ta biyo shi har fadama.

Ta ce, “Malam, albasar Baba za ka tuge saboda ciyawar kifi?”

Ya ce, “Akwai ragowar na bara a gora. Baɗi sai in mayar.”

Ya tuge ta. Ya shimfiɗa yashi mai laima a farantai, ya barbaɗa irin, ya rufe da leda. Kwana biyar suka fito, kore shar, kai ɗaya, kyau kamar hoton. Har Dabo ya fara zargin idonsa. Khalilu ya kwashe a mota yana ta godiya, ya jera a gilasai ya cika da ruwa.

Ba a yi sati uku ba ciyawar ta yi laushi, ta narke. Ruwa ya yi baƙi yana wari, kifayen Alhajin nan masu tsada suka taso sama ciki a waje. Da aka ritsa Khalilu, bai ce an cuce shi a waya ba, don kada a ce bai san aikinsa ba. Cewa ya yi tsohon da ya ba wa reno ne ya ɓoye irin mai kyau ya shuka masa ciyawar bola.

Maganar ta riga Dabo isa kasuwar Tsanyawa. Ya shimfiɗa buhunsa ya jera dashen tattasai, sai wani manomi da ya shekara ashirin yana saye a wurinsa ya tsaya, ya ɗaga dami ɗaya, ya ce, “Wannan tattasan ne dai, ko shi ma an musanya?” Mutane suka yi dariya. Dabo ya naɗe buhunsa tun kafin azahar ya nemi motar gida.

Ya je Bacirawa sau ɗaya, ya sami Khalilu a shago yana goge gilashi. Ya ce, “Ni da kai mun san abin da na faɗa maka ranar nan. Ka faɗa wa mutane kawai.” Khalilu ya ce shi ma iyali gare shi, in ya faɗi haka wa zai sake ba shi aiki? Ya miƙo masa kuɗin mota. Dabo ya bar shi da hannu a miƙe.

Da sanyi ya shigo ya buɗe gorar albasa ya shuka. Irin albasa ba ya son kwana biyu, ga shi ya sha zafin bazara har sau biyu. Ya yi ban-ruwa sati uku, abin da ya fito bai kai a ƙirga da yatsun hannu ba, su ma suka bushe. Ya zaga wurin duk wanda ya taɓa sayen dashensa ko wani ya ajiye irin, babu ko ɗaya. Kowa ya dogara cewa Dabo na nan.

Shekara ta gaba ya ba da hayar fadamar. Yanzu ƙodago yake yi a gonakin mutane, yana dasa tumatirin irin gwangwani layi-layi, da hannun da har gobe ba a fi shi iya dashe ba. Wani lokaci sabon manomi kan kawo masa iri a takarda ya ce, “Baba Dabo, duba min wannan.” Sai ya mayar masa ba tare da ya buɗe ba, ya ce idonsa ya yi rauni.