Jira a Gindin Gawo

Ranar Talata ce, kwana uku da gama kai gero rumbu. Shekarata goma sha bakwai. Ina ɗaura wa jaki amalanke, wayata a aljihu tana karanto mini labarin mayaƙan Arewa na dā, irin wanda yaro ke fita da kwari da baka ya dawo namiji. Ina son labaran nan ƙwarai. Inna tana damun fura.

Ƙarfe bakwai da rabi muka ji babura daga gabas. Sai harbi, ɗaya-ɗaya da farko, daga baya ba tsayawa.

Baba ya ɗora Inna da ƙannena huɗu a amalanke. Ya danƙa mini sanda.

"Tahi gawon hanyar Kore Mairuwa! In anka yi azahar ban taho ba, ku wuce!"

Ya koma ɗauko wansa makaho, wanda muke kira Baba Babba.

Ƙarfe tara muka kai gawon. Daga nan ana hango hayaƙin rumbuna. Ƙarfe goma harbi ya tsaya. Mutane suna wucewa, wasu ba takalmi. Duk wanda na tambaya, bai ga Baba ba.

Ƙarfe biyu ta yi. Biyu da kwata na sake jin babur, nesa-nesa. Na dubi Inna, ina jira ta ce mu tsaya ko mu tafi. Ita ma ni take duba. Auta ya fara kuka, ta toshe masa baki da zane.

Na bugi jakin. Ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Hannuna kawai ke ciwo.

Da magariba muka shiga Kore Mairuwa. Aka ba mu aji ɗaya a lakwal, wato makarantar boko.

Kwana uku bayan haka manya suka koma garinmu tare da sojoji. A kan hanya suka sami gawar Baba, gawar wansa na goye a bayansa. Tsakaninsu da gawon bai fi tafiyar minti goma ba. Ban tambayi lokacin da aka harbe su ba. Har yau ban tambaya ba.

Mu takwas muka tashi a gida, mu shida muka iso. Da dattawan gari suka zo ta'aziyya, suka tsaya a ƙofar aji suna neman mai gida. Inna ta shimfiɗa tabarma, ta koma ciki. Na zauna.